Me ya sa ake sake ɗaukar hoto kafin kowane zaman gashin ciwon daji da haske, kuma injin mai MRI ya warware matsalar?

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai karatun ɗaukar hoton asibiti. An koya mana cewa kafin a fara yi wa mai ciwon daji gashi da haske, sai an ɗauki hoton CT, an zana komai a kwamfuta, an lissafa daidai da milimita. To in haka ne, me ya sa ake sake ɗaukar hoto kusan kullum a ɗakin gashin, har kamfanoni ke ta gasar inganta shi? Kuma injin nan da aka haɗa da MRI, shi ke nan an gama da matsalar?

Amsa: Ƙanena, abin da aka koya muku gaskiya ne, sai dai lissafin an yi shi ne a kan mutumin da ya kwanta a gadon CT ranar da aka ɗauki hoton. Wanda zai dawo bayan mako ɗaya ko biyu, ya riƙa zuwa kwana biyar a mako har mako shida ko bakwai, jikinsa ba zai tsaya yadda aka bar shi ba. Hanjinsa ya cika ko ya sauke, mafitsararsa ta tara fitsari, ya rame, ƙullutun ya motse ko ya kumbura, yau ya saki jiki, gobe tsoro ya sa ya ɗage kafaɗa. Kwamfuta ba ta da labarin wannan. Injin zai harba hasken inda aka nuna masa, ko naman da ake nema yana wurin ko ya gusa. Kuma haske in ya shiga jiki ba a janye shi, ba shi da makari.

Tun da an san jiki ba ya zama wuri ɗaya, dabarar da aka daɗe ana yi ita ce ƙara rarar gefe. Likita ya zana ƙullutun da ido ke gani, ya ƙara yankin da yake zargin ƙwayoyin cutar sun ɓuya, sannan a sake ƙara wani zagaye a kai saboda kuskuren kwanciya da motsi. Hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da ma'aunin haske, ICRU, ta tsara waɗannan iyakoki uku a rahotonta na 50 a 1993. Zagaye na ukun nan yawanci lafiyayyen nama ne, ana haska shi da sani don kada a kuskure cutar. Ɗauki alƙalami ka duba abin da yake ci. Ƙullutu mai siffar ƙwallo, faɗinsa santimita 5, girmansa kimanin mililita 65 ne. Ƙara masa milimita 10 ta kowane ɓangare, ya zama kusan 180. In milimita 5 ka ƙara, 113 ne. Ke nan lafiyayyen naman da ke shan cikakken haske ya sauko daga mililita 115 zuwa 48, saboda milimita 5 kacal. A ƙugu, wannan bambancin shi ne bangon dubura da na mafitsara. A wuya, shi ne laka da sassan da ke samar da yawu. Duk gasar da kake gani ta inganta hoto, a kan waɗannan milimitocin ake yin ta.

Amma kurakurai ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai na yau daban gobe daban: yau an kwanta ɗan hagu, gobe ɗan dama, a ƙarshe sai su ɗan shafe juna. Akwai kuma wanda ke maimaita kansa kullum a ɓangare guda, kamar in ranar hoton tsari, wato CT ɗin farko da aka yi zane a kai, naman yana wani wuri da ba nan ya saba zama ba. Marcel van Herk da abokan aikinsa a Cibiyar Kansa ta Holan da ke Amstadam sun fitar da lissafi a 2000 wanda har yau ake amfani da shi: rarar gefe ita ce kuskure mai maimaituwa sau 2.5, a haɗa da na yau da gobe sau 0.7. In kowanne milimita 3 ne, kana buƙatar rara ta milimita 9.6. Ka rage na yau da gobe zuwa 1, rarar ta zama 8.2, ba wani abin kirki. Ka rage mai maimaituwa zuwa 1, sai ta faɗo 4.6. Ka riƙe wannan lissafin, domin shi ne ma'aunin da nake auna kowace sabuwar na'ura da shi. Ba na fara tambayar ko hotonta ya yi kyau. Ina tambayar wane kuskure ta rage.

A da, da ɗigon tawada na dindindin a fata da hasken lesa ake saita mutum. Sau ɗaya a mako a saka fim a bayansa, a ɗan saki hasken gashin ya ratsa shi ya faɗa kan fim ɗin, a kai ɗakin duhu a wanke, likita ya gani bayan an gama, wani lokacin sai washegari. Hotunan nan dushi-dushi suke, kuma laifin ba na fim ba ne. Hasken eksire na ɗaukar hoto, mai ƙarfin bolt dubu 80 zuwa 120, ƙashi na shanye shi fiye da tsoka nesa ba kusa ba, saboda sinadarin kalsiyam. Hasken gashi kuwa, mai bolt miliyan 6 ko fiye, kusan kaurin abu kawai yake dubawa, don haka ƙashi da tsoka suke fitowa kusan launi ɗaya. Allon hoto na lantarki da ya maye gurbin fim, musamman na silikon da ya bazu wajen shekarar 2000, ya kawo sauri: ka ga hoto nan take, ka gyara kafin ka yi gashi. Sai dai ƙashi kawai kake gani. Furostet, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yana iya gusawa santimita guda alhali ƙashin ƙugu bai motsa ba.

Babban sauyi ya zo ne da aka ɗaura wa shi injin gashin bututun eksire da allo a gefe, inji ya zagaya mutum sau ɗaya, kwamfuta ta haɗa ɗaruruwan hotuna su zama CT. David Jaffray da abokan aikinsa a Asibitin William Beaumont da ke Mishigan a Amurka ne suka nuna hakan, suka wallafa a 2002, kuma cikin 'yan shekaru kamfanonin Elekta da Varian suka fara sayar da shi. Wani abin sha'awa, lissafin da ake haɗa hotunan da shi, wanda Feldkamp da Davis da Kress suka wallafa a 1984, daga ɗakin binciken kamfanin mota na Ford ya fito.

Ga yadda abin yake a ɗakin sarrafa inji. An kwantar da dattijo mai kansar furostet, an fito, an rufe ƙofa, inji ya zagaya. A allo aka ɗora hoton yau a kan hoton tsari, ɗaya kore ɗaya shunayya, inda suka dace sai ya koma toka-toka. Manhaja ta daidaita ƙashi da kanta, ta ce a matsar da gado milimita 2 hagu, 1 sama. Wanda bai ƙware ba zai danna ya wuce. Ƙwararriyar ma'aikaciya kuwa sai ta bi hoton yanki-yanki, ta hango wani baƙin aljihu a bayan furostet: iska ce ta cika ƙarshen hanji, ta tura furostet gaba, ta karkatar da samansa. Matsar da gado ba zai gyara wannan ba, domin siffar ce ta canza, in ka daidaita ƙasa sama ya fita. Sai ta shiga ta ce, "Baba, a yi haƙuri, a sauko a ɗan zagaya banɗaki, a sha ruwa, sai mu sake." Minti talatin ya tafi, layi ya tsaya, amma gashin ranar ya faɗa inda ya kamata. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2005 daga Cibiyar MD Anderson da ke Amurka ya nuna cewa mazan da ƙarshen hanjinsu ke cike ranar hoton tsari, cutar ta fi dawo musu. An zana furostet a inda iska ta tura shi, kullum kuma ana harbin wurin bayan ya koma mazauninsa. Kuskure mai maimaituwa ke nan tsantsa.

CT ɗin kan inji na da nasa lahani, kuma yawancin gyare-gyaren da kake ji a yau a kansa ake yi. Na farko watsuwar haske. CT na ɗakin hoto siririn yanki yake haskawa, wannan kuwa babban ɓangaren jiki yake haskawa lokaci guda, sai haske mai yawa ya bugi nama ya karkace, ya faɗa allo a inda ba nasa ba. Hoto ya yi hazo, lambobin da ke nuna kaurin nama su zama ba abin dogaro ba, ba za ka iya lissafa adadin haske a kansu kai tsaye ba. Ana magance wannan da raga mai tace karkataccen haske, da manhajar da ke lissafa watsuwar ta cire ta, da haɗa hoto ta hanyar maimaita lissafi har sai ya dace da abin da allo ya auna. Na biyu jinkiri. Injin da kan nasa ke fili yawanci ba ya wuce zagaye ɗaya a minti, don kada ya bugi mutum, kuma a minti guda mutum ya yi numfashi sau 12 zuwa 20. Kamar ka ɗauki hoton yaro yana gudu ne, komai ya shafe. Injinan da aka rufe kansu a cikin zobe suna iya sauri, har akwai na Varian da ke ɗaukar hoton a daƙiƙa 6, cikin riƙe numfashi ɗaya.

Yanzu kuma ana sa ƙirƙirarriyar basira ta wanke hoton, ta mayar da shi kamar CT na gaske. Tana aiki, amma ina taka-tsantsan da ita. Manhajar da ta koyi yadda jikin mutane dubu yake, tana iya zana maka abin da ya kamata ya kasance a wurin, ko da ba shi ne ke wurin ba. Hazo ka san hazo ne, za ka yi shakka. Hoton da ya fito tas alhali gefen hanjin da kake gani ƙirƙira ce, shi ya fi haɗari.

Duk hoton da aka ɗauka kafin a kunna haske, labarin abin da ya wuce yake ba ka. Ƙullutun da ke ƙasan huhu ko a hanta na iya hawa da sauka santimita 2 ko fiye da kowane numfashi. Furostet na sulalewa a hankali, kuma gwargwadon daɗewar mutum a gado, gwargwadon gusawarsa. Da ana raba gashi kashi 35 ko 39, kuskuren rana ɗaya na iya narkewa cikin sauran. Yanzu da ake yin na furostet a zama 5, na huhu a zama 3 da gire 18 kowanne (gire shi ne ma'aunin adadin hasken da nama ya sha), in ka kuskure zama ɗaya ka kuskure kashi ɗaya cikin uku na maganin, kuma hasken nan mai yawa ya faɗa wa wani abu. Shi ya sa aka koma neman gani lokacin da ake gashin. Ana dasa 'yan ƙananan ƙwayoyin zinariya uku a furostet, eksire ya riƙa leƙa su, in sun fita daga da'ira inji ya tsaya. CyberKnife, wanda John Adler na Jami'ar Stanford ya ƙirƙiro aka fara amfani da shi a 1994, yana bin ƙullutun ne yana numfashi tare da shi. Akwai kuma kyamarori a rufin ɗaki da ke karanta saman fata ba tare da wani haske mai cutarwa ba. Sun fi amfani a kansar nonon hagu, inda ake sa mace ta ja dogon numfashi ta riƙe, huhu ya cika ya ture zuciya daga hanyar haske, in ƙirjinta ya sauka inji ya yanke. Dalilin damuwa da zuciya a fili yake: binciken Sarah Darby da abokan aikinta na 2013 ya nuna haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya na ƙaruwa da kashi 7.4 cikin 100 a kan kowane gire da zuciya ta sha a matsakaici. Sai dai fata fata ce. Abin da ke can cikin ciki ba lallai ya bi ta ba.

To, injin mai MRI. An fara yi wa mutum gashi da irinsa a 2014 a Jami'ar Washington da ke Sen Luwis, da na kamfanin ViewRay mai maganaɗisu na tesla 0.35 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Na Elekta mai tesla 1.5, wanda Jan Lagendijk da Bas Raaymakers suka daɗe suna ginawa a Utrecht ta Holan, ya fara a 2017. Haɗa su ba wasa ba ne, domin maganaɗisu na karkatar da ilektiron ɗin da hasken ke tayarwa a jiki, sai adadin haske ya taru a inda nama ya haɗu da iska, dole a saka wannan a lissafi. Abin da aka samu kuwa babba ne. Kana ganin ainihin naman, ba ƙashi ko zinariya ba, hotuna da yawa a kowace daƙiƙa, haske na kunne. Kana iya sake zana iyakoki ka sake tsarin gaba ɗaya mutum na kwance. A fankiriyas da hanta da duk ƙullutun da hanji ke manne masa, inda hanjin yau ke nan gobe ya koma can, wannan ya ba da damar ba da adadin da a da ba wanda zai kuskura.

A furostet ma an gwada. A gwajin MIRAGE na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, wanda aka wallafa a 2023, an raba maza 156 gida biyu. Masu MRI an ba su rarar milimita 2, masu CT milimita 4. Matsalar fitsari mai buƙatar magani ta samu kashi 24 cikin 100 na masu MRI, da kashi 43 na masu CT. Sakamako ne mai kyau. Amma ka lura, abin da ya rage wahalar shi ne rage rarar, MRI ya ba su ƙarfin gwiwar ragewa ne. Kuma zama ɗaya a wannan inji kan ci minti 45 zuwa awa guda, na injin yau da kullum minti 10 zuwa 15. Yana buƙatar likita da masanin fiziks a kusa duk zama. Hoton MRI na iya ɗan lanƙwashewa a gefe-gefe, kuma ba ya faɗin kaurin nama yadda lissafin haske ke so. Masu wasu ƙarafa a jiki ba sa shiga. Ra'ayina, inji ne na musamman don wasu cututtuka na musamman. Cibiyar da ke da dogon layi, in ta sami kuɗinsa, injina biyu masu CT mai kyau da ƙwararrun ma'aikata za su fi amfanar mutane da yawa.

Rage rara kuma takobi ne mai kaifi biyu. A Burasal ta Beljiyam, wani rahoto na 2009 ya nuna mazan da aka saita da ƙwayoyin da aka dasa, aka rage musu rara sosai saboda an amince da saitin, cutar ta fi dawo musu a kan waɗanda aka saita da ƙashi da rara mai faɗi. Tsohuwar rarar nan mai faɗi ashe tana rufa asirin kurakuran da ba a lissafa ba: karkacewar nama, ƙwayoyin cutar da suka ɗan wuce layin likita. An gyara kuskure ɗaya, aka cire bargon da ke rufe sauran.

Duk abin da na faɗa zuwa nan a kan wuri ne. Akwai tambaya ta daban da hoton wuri ba ya amsawa: adadin hasken da aka tsara, shi ne ya shiga? A nan allon nan na bayan majiyyaci, wanda CT ya so ya mayar tsohon yayi, ya sami sabon aiki. Ana barin sa a buɗe lokacin gashi, ya auna hasken da ya fito ta bayan mutum, kwamfuta ta lissafa baya ta gano abin da ya zauna a ciki, a kwatanta da tsari. A Amstadam sun wallafa a 2010 cewa cikin tsare-tsare 4,337 da suka bincika haka, sun kama manyan kurakurai 17, kuma 9 daga ciki gwajin da ake yi kafin mutum ya kwanta ba zai taɓa kama su ba. Irin su mutum ya rame, ko tsari ya lalace a hanyarsa daga kwamfuta zuwa inji. A ganina wannan ne gyaran da ya fi kowanne arha a kan amfaninsa, domin allon na jikin injin tun asali, manhaja da lokacin ma'aikaci kawai ake buƙata. Wahalarsa ƙararrawar ƙarya. In ka tsaurara ma'auni, kullum tana kuka har mutane su daina kula ta. In ka sassauta, kuskure ya wuce. Ma'aunin da aka saba, wanda Daniel Low ya kawo a 1998, yana duba ko kowane ɗigo ya dace cikin kashi 3 na adadi ko milimita 2 zuwa 3 na wuri, a ce an ci in kashi 95 sun dace. Kashi 5 ɗin da suka faɗi kuwa, in a kan laka suke, cin bai da amfani. Sai an buɗe an ga inda suke.

Abin da ya faru a Epinal ta Faransa ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Tsakanin 2004 da 2005, maza 24 masu kansar furostet sun sha haske fiye da kima da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, saboda yadda aka lissafa tsari ya saɓa da yadda inji ya bayar, wasunsu sun rasu. Da aka zurfafa bincike sai aka gano wasu kimanin 400 sun sha ƙarin wajen kashi 8, kuma daga ina? Daga hotunan saiti da ake ɗauka kullum da hasken gashi, ba a cire su daga lissafi ba. Abin da aka kawo don tsaro shi ya yi ɓarna. Bayan wannan ne Faransa ta wajabta auna haske a jikin majiyyaci lokacin gashi. CT ɗin kan inji bai kai wancan nauyi ba. Na ƙugu kan kai miligire 10 zuwa 30 (miligire dubu ne gire ɗaya), in an yi sau 39 jimilla ta kai gire 0.4 zuwa 1.2, a gefen gire 78 na magani. Ga dattijo, ribar ta fi asarar nesa. Ga yaro ƙarami mai shekaru da yawa a gaba, dole a rage ƙarfin hoton a taƙaita faɗinsa. Ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka ta ba da shawarar a saka hasken hoto cikin lissafi in zai wuce kashi 5 cikin 100 na adadin magani.

A gashin furoton, wanda ake yi da ƙananan ƙwayoyin zarra maimakon hasken eksire, matsalar ta ɗan bambanta, domin furoton tsayawa yake a wani zurfi ya sauke ƙarfinsa a nan, ba ya fita ta baya balle allo ya kama shi. In iska ta shiga hanyarsa sai ya zarce, in nama ya ƙaru ya tsaya kafin ya kai. Ana gwada gano inda ya tsaya ta hasken gama da ke fita nan take daga wurin, kuma a Diresdin ta Jamus an riga an gwada a jikin mutane. A Dartmouth ta Amurka kuma sun yi kyamarar da ke kama ɗan haske mai rauni, wanda ake kira Cherenkov, da fata ke fitarwa lokacin gashi, ka ga siffar filin a jikin mutum da idonka. Suna da ban sha'awa, amma ba su zama kayan aikin kullum a yawancin cibiyoyi ba.

Abu guda da ɗalibai kan raina: hoton da injin dole su yarda a kan inda tsakiya take. In tsakiyar hoto ta kauce wa tsakiyar haske da milimita 2, duk wanda ka saita da kyau ka saita shi a kuskure, kullum, a ɓangare guda, kuma allo zai nuna maka komai lafiya. Gwajin da Winston da Lutz suka kawo a 1988 mai sauƙi ne. A kafa ɗan ƙwallon ƙarfe a tsakiya, a harba ƙaramin fili daga kusurwa daban-daban, a duba ko inuwar ƙwallon na tsakiyar filin kowane lokaci. Ƙa'idar da ƙungiyar nan ta Amurka ta fitar a 2009 ta ce saɓanin kada ya wuce milimita 2 a gashin yau da kullum, milimita 1 a mai zama kaɗan da adadi mai yawa. Aiki ne na sassafe kafin majiyyaci na farko, ba mai yabonka a kansa.

Kuskure mai maimaituwa da ya fi kowanne girma a yau kuwa, a wurare da yawa na jiki, ba a ɗakin gashi yake ba. Layin da likita ya zana ne. Ka ba ƙwararrun likitoci biyar hoton CT ɗaya na kansar huhu ko ta maƙogwaro, ka ce su zana, za ka ga layuka biyar, wani wurin bambancin ya haura santimita. Wannan kuskuren na bin mutum daga zaman farko zuwa na ƙarshe, van Herk zai ninka shi sau 2.5, kuma hoton kullum ba ya ganinsa, domin aikinsa ya kai ka kan layin ne, ko layin daidai yake ko a'a. Inganta hoto a nan na nufin haɗa MRI da PET da CT tun wajen tsari. PET, hoton da ke nuna inda ƙwayoyin jiki suka fi cin sukari, na raba ƙullutun huhu da ɓangaren huhun da ya rufta a gefensa, abin da CT ke nunawa launi ɗaya. MRI na nuna iyakar furostet da bakin mahaifa fiye da CT sosai.

Wani gwajin ƙasa da ƙasa a kan kansar kai da wuya, wanda Lester Peters da abokan aikinsa suka ba da rahotonsa a 2010, an shirya shi ne don gwada wani sabon magani. Maganin bai nuna amfani ba. Amma da aka bi tsare-tsaren gashin ɗaya bayan ɗaya, waɗanda tsarinsu ke da babban aibi kashi 50 cikin 100 ne suka kai shekara biyu da rai, masu tsari mai kyau tun farko kashi 70, kuma aibin ya fi yawa a cibiyoyin da suka shigar da mutane kaɗan. Saboda irin wannan ne cibiyoyi da dama suka sa doka cewa likita na biyu ya duba zanen na farko kafin a fara gashi, ko a 'yan kwanakin farko. In ka fara zuwa aikin koyo, ka nemi izinin zama a wannan taron, kuma ka roƙi a bar ka ka riƙa daidaita tsofaffin hotunan CT na kan inji da hannunka, kana kwatanta naka da abin da ƙwararru suka yi a ranar.